Malsun Mai Jango da Gidan Akwati

Ranar da na fara ganin Bong Malsun, kunnen wani direban tasi ne a hannunta, tana jan sa a tsakiyar titi yana ihu. Ya ajiye motarsa a bakin shagonta, ta ce ya gusa, shi kuma ya ce mata tsohuwar banza. Ba ta sake shi ba sai da kunnen ya tsage. Lokacin ban daɗe da kama hayar shago a unguwar Solgol ba, ina gyaran gashin mata, ƙofata tana kallon tata. Da ta juyo ta gan ni tsaye da almakashi a hannu, baki buɗe, sai ta goge yatsunta a gaban rigarta ta ce, "Ke ce sabuwar? Rufe bakin kada ƙuda ya shiga. Zo ki ci abinci."

Tun daga ranar nake ce mata Onni, kamar yadda ƙanwa ke kiran yayarta. Ita kuma Gyongja take ce mini, ko "ke mai almakashi" in ranta a ɓace yake.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon wuƙa. Jango take gasawa, wani kifi mai kama da maciji. Za ta zura hannu cikin tankin ruwa ta damƙo dogon kifin yana nannaɗe mata damtse, ta kafe kansa da ƙusa a jikin katako, ta ja wuƙa, fata ta rabu da tsoka. Naman yana kan garwashi ma bai daina motsi ba. Da yamma ma'aikatan tashar jiragen ruwa ke cika wurin, su ci da tafarnuwa da barkono, su kora da giyar soju.

Ita ce 'ya mace ta biyar a gidansu, shi ya sa uban ya raɗa mata Malsun, wato ta ƙarshe, don 'ya'ya mata su ji su daina zuwa. Iyayenta 'yan gudun hijira ne da yaƙi ya koro daga arewacin Koriya. A kan tudun da ke kallon teku suka haɗa ɗaki da kwano da katakon akwatunan kifi, a nan aka haife ta. Tana 'yar shekara tara aka turo ƙarti da guduma su share tudun. An fito da kowa waje, sai uwarta ta koma ciki ɗauko tukunyar shinkafa. Ba su jira ta ba. Katakon rufi ya sauko mata a gadon baya. Daga ranar ba ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba, Malsun ce ke juya ta, tana wanke ta, har ta rasu.

Karo na biyu da aka rushe mata gida tana da aure, tana goye da ɗanta Chunbae. Mijinta Pyo Sangdo ɗan dako ne a kasuwar kifi, suna zaune a bayan layin dogo. Aka ce za a fitar da hanya ta nan. Sangdo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a bari su kwashe kaya, wani ya maka masa bututun ƙarfe a gefen kai. Kunnensa na hagu bai sake jin magana ba. Lokacin sanyin shekarar a ƙarƙashin leda suka yi shi, jaririn yana tari kamar zai amayar da huhunsa.

Duk wannan ba a zama ɗaya ta ba ni shi ba. A gutsure nake samu, in ta zauna a kujerata ina sa mata baƙin rini.

Gidan da suka saya daga baya, ba wanda ke son sa. Wani matashi mai zanen gidaje ne ya tsara wa wani likita shi shekaru da yawa kafin zuwansu. Kankare ne zalla ba fenti, har shatin katakon da aka zuba shi a ciki ana gani. An ɗora shi a kan ginshiƙai, ƙasansa fili, rufinsa shimfiɗe kamar faranti, taga guda ce doguwa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mutanen Solgol suna ce masa Gidan Akwati, masu baƙin baki su ce akwatin gawa. Mai zanen ya mutu da ƙuruciyarsa, likitan ya yi ƙaura zuwa ƙasar waje, aka ce gidan ba shi da sa'a. Malsun ta ce rashin sa'ar da ke da rufin kankare ta fi sa'ar da ke da rufin leda. Suka tare a sama, ta kafa murhunta da teburanta a tsakanin ginshiƙan.

A gidan Sangdo ya rasu. A gidan Chunbae ya girma, ya zama direban motar raba kaya, yaro mai sanyin hali, ko kusa bai ɗauko uwarsa ba.

Sai maganar rushe unguwa ta taso. Wani kamfani zai share Solgol gaba ɗaya ya gina dogayen benaye, kowane mai gida ya samu ɗaki a sama. Aka kafa ƙungiyar masu gidaje, aka naɗa Yom Doksu shugaba. Doksu dillalin filaye ne, abokin marigayi Sangdo tun suna dako tare, shi ya sa yake ce wa Malsun Hyongsu, matar yaya. Dokar kuwa ita ce in mafi yawan masu gidaje suka yarda, sauran ko sun ƙi za a biya su a tashe su. Mu 'yan haya ba mu da ta cewa.

"Hyongsu, hawa na ashirin," in ji Doksu, yana tauna jangon da bai saya ba. "Ki buɗe taga ki ga teku. Ruwan zafi ba dare ba rana."

"Na ga teku. Ruwa ne."

"Kowa ya sa hannu."

"To me kake nema a wurina? Cinye ka tashi, kujerar ta masu biya ce."

Ta san ba ta da mafita. A watannin nan ta rame, ta daina zagin kowa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali.

Ran nan da hantsi wata mata siririya mai tabarau ta tsaya a gindin gidan tana shafa ginshiƙi kamar mai shafa doki. Sunanta Gil Hyejong, tana koyar da zanen gine-gine a jami'a. Ina zaune ina taya Malsun ɓare tafarnuwa.

"Ajumma, kin san wanda ya zana gidan nan?" in ji matar, tana kiran ta yadda ake kiran mace mai shekaru.

"Na sani mana. Wani ne da bai taɓa shanya wanki ba. In kin san kabarinsa ki kai ni, ina da magana da shi. Rufin yoyo, da sanyi kamar cikin firji, da zafi kamar cikin tukunya."

Malama Gil ta yi dariya. Ta ce duk faɗin Koriya wannan kaɗai ya rage a tsaye cikin gidajen mutumin, sauran an rushe. Ta ce in mai gidan ta nema, kwamitin hukumar gari zai zo ya duba, in sun gamsu su sa shi cikin gine-ginen tarihi. "Daga nan ba mai ikon taɓa shi. Ko ke kanki."

Wuƙar Malsun ta tsaya a tsakiyar kifi.

"Maimaita."

"Ba mai ikon rushe shi."

"Ko katafila?"

"Ko katafila."

"Gyongja, kawo wa Malama kujerar nan mai kyau. Malama, kina cin jango?"

Ba son gidan ne ya kama ta a ranar ba. Ta samu sanda ne, ta ɗauka. Malama Gil ma ta gane haka, ba ta damu ba.

Labari ya bazu kafin mako ya zagayo. Gidan Akwati a tsakiyar filin yake, daidai inda bene mafi tsawo zai zauna. In aka bar shi sai an sake zane, sai an rage ɗakuna, sai an yi shekaru ana jira. Aka kira taro a zauren tsofaffi na unguwa. Na ce mata kada ta je. Ta sa rigarta ta zuwa biki ta tafi, na bi ta.

Ba Doksu ne ya fara ba. Matar mai wanki ce, Chae Bunnam, wadda suka yi shekara ashirin suna haɗa kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da barkono, tare duk farkon sanyi. Mijinta ya daɗe a kwance, rabin jikinsa ya shanye. Ta miƙe ta nuna Malsun da yatsa.

"Ke kina da bene, Malsun. Ni bayan gidana a waje yake. Kullum da bokiti nake kwashe kashin mijina, ko ƙanƙara na zuba. An ce za a ba ni ɗaki mai bayan gida a ciki kafin in mutu, ke kuma kin ce a'a saboda akwatin gawarki?"

"Ban hana ki ɗakinki ba. Nawa na hana."

"Ƙarya kike! Ƙarya kike, 'yar gudun hijira!"

Malsun ta kwaɗa mata mari. Daga nan ban san wa ya fara ba. Mata suka yi kanta, waɗanda na san kan kowace ɗaya a cikinsu, na san inda furfurarta take. Wani ya jefo kujerar ƙarfe ta same ta a gira. Bunnam ta naɗe gashinta a hannu ta ja har ya tuge da fata. Malsun tana ƙasa tana cizon duk ƙafar da ta samu. Ni ma na sha gwiwar hannu a baki. Doksu yana kan dandamali da lasifika yana cewa, "Haba jama'a, haba jama'a," amma bai sauko ba.

A shagona na wanke mata jinin, na aske sauran gashin don ba yadda za a gyara shi. Ta kalli madubi ta ce, "Na yi kama da ubana. Mummuna ne shi ma."

Bayan haka ba wanda ya ƙara gaishe ta. Aka rubuta mata zagi da jan fenti a ginshiƙai. Wata safiya ta tarar an zuba maganin wanki a tankin, kifayen duk sun juya farin ciki sama. Ta kwashe su a buhu ta kai ofishin Doksu ta zazzage masa a kan tebur.

Sai kamfanin ya turo nasa mutanen. Samari ne ƙarti masu baƙaƙen riguna, wuyansu kamar na bijimi, irin waɗanda ake haya don wannan aikin. Da tsakar rana suka zo, suka cika teburanta, suka kori ma'aikatan da ke cin abinci. Babbansu mai askin kwalkwal ya ɗora ƙafa a kan tebur.

"Kaka, kawo mana mafi tsada."

"Ban haifi ubanka ba. Sauke ƙafarka."

"Ashe da gaske ne, an ce bakinki ya fi wuƙarki kaifi. Tsohuwa kamar ki, in kika faɗo daga benen nan wa zai yi mamaki?"

Ya sa ƙafa ya ture murhu. Garwashi ya watse, ledar rumfa ta kama wuta. Malsun ta ɗauki ƙarfen gashi da ke cikin wuta ta manna masa a kumatu. Har shagona na ji ƙaurin. Ya yi ƙara irin ta alade a mayanka. Sauran suka danne ta, ɗaya ya shimfiɗa hannunta na hagu a kan katakon da take kafe kifi, ya ɗauki kwalbar soju ya dinga dukan yatsun har kwalbar ta fashe. Na fito ina ihu ina jifansu da abin busar da gashi, ɗaya ya hankaɗe ni na faɗa kwata. Kafin 'yan sanda su iso sun tafi. Aka tambayi maƙwabta, kowa ya ce yana ciki, bai ga komai ba.

Yatsu biyu suka karye. Malama Gil ta zo asibiti tana kuka, ta ce ita ta jawo, in Malsun tana so a janye maganar za a janye.

"Share hancinki, Malama. Yaushe mutanenki za su zo?"

"Mako mai zuwa."

"Ki ce su zo da yunwa."

Wanda ya fi ba ta ciwo shi ne Chunbae. Yana neman wata yarinya, Miran, ma'aikaciyar jinya, kuma ya sa rai a ɗakin sabon benen za su tare. Ranar da aka sallamo uwarsa ina can ina dama mata kunun shinkafa, ya durƙusa a gabanta.

"Omma, don Allah ki bari. Za su kashe ki a kan siminti."

"Simintina ne."

"Ba ki ma son gidan! Kullum zaginsa kike!"

"Kai ma kullum zaginka nake."

"A nan na girma ana ce mini ɗan akwatin gawa. Ina warin kifi a makaranta. Sau ɗaya a rayuwa abu mai kyau ya zo mana, kin tare hanya kamar mahaukaciya. Baba da yana raye da tuni ya sa hannu."

Da hannu mai lafiyar ta mare shi. Ya miƙe, ya daɗe yana kallonta, ya ɗauki jakarsa ya fita. A gidan Doksu ya koma kwana.

Doksu ya san abin da kowa ya sani: gidan da ya riga ya rushe, ba kwamitin da zai kare shi. In aka ce kuskure ne, tara kawai za a ci kamfanin. A lokacin an fara rushe gidajen da masu su suka tashi, ciki har da na jikin katangar Malsun. Abin da suke buƙata shi ne a fitar da ita daga ciki. Daga baya a kotu aka ji cewa Doksu ya rantse wa Chunbae ba mai taɓa uwarsa in shi da kansa ya ɗauke ta.

Ana jibi kwamiti zai zo, da safe ina share bakin shago, na ji katafila ta canja murya. Na ɗaga kai na ga ta tako katangar Malsun ta shigo. Ƙartin nan sun yi layi sun tare titi. Ɗaliban Malama Gil biyu da suka zo auna gidan suna can gefe, an ƙwace musu ma'auni an tura su baya.

Chunbae ya fito da uwarsa a kafaɗa kamar buhun shinkafa. Tana dukan bayansa da hannun da aka naɗe, yana cewa, "Yi haƙuri, Omma, yi haƙuri," yana kuka. Bai kai titi ba katafilar ta ɗaga hannu ta kafta wa kusurwar gidan. Ƙasa ta girgiza. Doguwar tagar ta tarwatse, gilashi ya zubo kamar ruwan sama. Wani ɓangare na bango ya ɓalle ya rataye a jikin rodi, ana hango ɗakin kwananta, har da bargonta mai furanni.

Malsun ta kafa haƙora a wuyan ɗanta. Ya sake ta. Ta faɗi, ta miƙe, ta shige tsakanin ginshiƙan, ta fito da gatarin da take sara daskararren kifi da shi. Mai askin kwalkwal, da filasta a kumatu, ya tare ta. Ta kai masa sara, ya yi tsalle baya, ya faɗa kan tarkace. Ba wanda ya ƙara matsowa.

Shekarunta sittin da wani abu a lokacin. Na ga ta taka sarƙar katafilar ta hau. Direban ya ga gatari ya ɗauka kansa ta nufa, ya buɗe ɗaya ƙofar ya dire, ya bar hannun injin a sama cike da kankare. Ita kuwa ba shi ta nufa ba. Ta juya kan baƙaƙen tiyon da ke gindin hannun ta fara sara da hannu ɗaya. Sara take tana kiran sunan uwarta, ba "Omma" ba, ainihin sunanta. Ban taɓa jin ta faɗe shi ba sai ranar.

Tiyon ya fashe. Baƙin mai mai zafi ya feso mata a fuska da ƙirji, ya wurgo ta ƙasa. Hannun katafilar ya saki, ya sauko gaba ɗaya.

Chunbae yana ƙarƙashi. Ya biyo ta ne zai sauko da ita.

Ƙarar da ya yi ta sa har ƙartin suka ja da baya. Bokitin ƙarfen da ke bakin hannun katafilar ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Malsun ba ta gani, man ya rufe mata ido, fatar goshinta tana saɓulewa, amma ta gane muryar. Ta rarrafa a kan gilashi tana lalube har ta taɓa kansa. Ta sa kafaɗa a jikin bokitin tana turawa, ƙarfen da maza ashirin ba za su motsa ba. Mutanen unguwa suka fito, har da Bunnam, suka kama suna ɗagawa tare da ita, bai ko girgiza ba. Sai da aka kawo wata motar ɗaga kaya. Doksu tun ƙarar farko ya shiga motarsa ya gudu.

An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Malsun ta rasa idon dama, rabin fuskarta ya zama kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Asibiti ɗaya aka kwantar da su, hawa daban. Da ta fara tashi ta ce in kai ta wurinsa. Miran ce ta tare mu a bakin ƙofa, cikin fararen kayan aikinta.

"Ya ce kada ki shigo."

"Ni na haife shi."

"Na sani. Ke kika yanke shi kuma. Ki koma gadonki, Omoni, lokacin allurarki ya yi." Omoni ta ce, yadda ake kiran uwa da girmamawa.

Na zaci za ta yi mata abin da ta yi wa direban tasi. Sai ta juya kawai ta ce, "Mu je, Gyongja." A hanya ta ce, "Yarinyar nan za ta iya riƙe shi."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ɗauki komai a wayarsa. Kwana biyu ƙasar nan ba abin da ake kallo sai tsohuwa mai aski da gatari a kan katafila. Kwamiti ya zo ya duba gidan da raunin a jikinsa, wata bai cika ba aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na gari. Hukuma ta gyara kusurwar, ta sa sabuwar taga. Kankaren gyaran ya fi tsohon haske, har yau ana gane wurin.

Doksu da mai askin kwalkwal sun tafi gidan yari. Malsun ma ta tafi, saboda kumatun da ta ƙona da injin da ta lalata da ƙafar ɗanta. Alƙali ya tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Ta ƙafar, e." Bai fi shekara ta yi ba aka sako ta.

Kafin ta fito an share Solgol. Ni na koma wata unguwa can bayan tashar jirgin ƙasa. Aikin benayen ya yi jinkiri kamar yadda aka ji tsoro, mijin Bunnam bai ga ɗakin mai bayan gida ba. Da aka gama, Gidan Akwati ya zama kamar ɗan kwali a tsakanin ƙafafun ƙattai, rana ba ta samun sa sai ta take tsaka. Malsun ta sake kafa murhunta. Sababbin mazauna benayen suka yi ta kai ƙara saboda hayaƙi, ta ce su rufe tagoginsu. Ɗalibai suna zuwa ƙungiya ƙungiya su yi zane. Dokarta ɗaya ce, wanda bai ci jango ba ba zai hau sama ba.

Miran ta auri Chunbae da ƙafar roba. Ba a gayyaci uwar ango ba. Shekaru suka wuce ba ya zuwa, ita kuma ba ta neman sa, sai dai duk farkon sanyi ta haɗa kimchi ta zuba a roba ta ba ni in kai. Miran tana karɓa, robar kuma tana dawowa a wanke.

Sai da suka haifi 'ya mace sannan ya zo, ranar bikin girbi na kaka, lokacin da ake yi wa magabata gaisuwa. Hoton ubansa yana sama. Matakalar gidan siririya ce, a murɗe take, ba abin dafawa. Ya taka kaɗan, ƙafar robar ta goce, ya gangaro ya fasa haɓa a gaban matarsa da uwarsa. Malsun ta hau ta sauko da hoton da tebur da kwanuka, aka yi gaisuwar a ƙasa, kusa da tankin kifi.

Washegari ta je ofishin hukuma ta ce tana so ta kafa ƙarfen dafawa. Aka ce sai kwamiti ya zauna, don matakalar tana cikin abin da aka kare. Ta jira har sanyi ya shigo ya fita. Ran nan ta ari injin huda bango, ta huda kankaren da kanta da ido ɗaya, ta kafa bututun ruwa daga ƙasa har sama, a karkace. Jami'i ya zo ya ce ta ɓata kayan tarihi, za a ci ta tara. Ta bi shi da tsintsiya har titi. Malama Gil ta zo ta ga aikin, ta dafe kai, ta ce za ta san abin da za ta gaya wa kwamiti.

Chunbae bai taɓa amfani da bututun ba. Yakan zo duk bayan 'yan watanni, ya zauna a ƙasa, ta gasa masa, ya ci, su yi maganar farashin gawayi.

Ta rasu da bazara, tana da shekara saba'in da huɗu. Zuciya ce. Mai kawo mata kifi ya tarar da ita zaune a kan kujera, ta jingina da ginshiƙi.

A wurin zaman makoki mutanen tsohuwar Solgol suka taru, wasu ban gan su ba tun ranar katafila. Bunnam ta zo da sanda, ta durƙusa a gaban hoton ta daɗe ba ta tashi ba. A rana ta biyu sai ga Doksu, ya tsufa, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Ya cire takalmi zai shiga. Miran tana ɗauke da tiren miyar nama mai zafi, ta watsa masa a ƙirji, kwano da cokali da komai. Ya tsaya miya tana ɗiga daga haɓarsa, bai ko goge ba. Maza suka miƙe.

"Ku bar shi," in ji Chunbae. "Ya yi gaisuwarsa. Miran, zuba masa wata, wannan karon a kwano."

Gidan yana hannun Chunbae yanzu. Hukuma ta nemi ya sayar mata, ya ƙi. Ya ba wasu 'yan mata biyu hayar ƙasan suna sayar da kofi. Saman a rufe yake, sai ranar Asabar Miran ta zo ta buɗe wa ɗalibai, ta tsaya a kansu har su gama, kada su taɓa kayan surukarta.